Sau uku ana dawo mini da taken kundina, ina matsalar take?

Autar Mama:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara, kaina ya ɗau zafi. Ajin ƙarshe nake, kuma yau sau uku ke nan malamin da ke duba aikina yana dawo mini da taken kundina. Da farko na kai masa "Tasirin kafofin sada zumunta ga matasa", ya ja layi ya rubuta "ya yi faɗi" a gefe. Na mayar da shi "ga karatun ɗalibai", ya ce da saura. Yau na ƙara "a jami'a", sai ya ajiye takardar ya ce, "To, me kike so ki sani?" Wallahi tsuru-tsuru na yi. Wasu 'yan ajinmu har sun shiga babi na biyu, ga shi wata huɗu ya rage a miƙa aiki.

Ɗan Laburare:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata. Masu babi na biyun nan ki bari su kai wa nasu malaman tukuna, za ki ga wasu sun dawo babi na ɗaya da gudu.

Malam Jan Biro:
Wa alaikumus salam. Malaminki bai zalunce ki ba, tambayar da ya yi miki ita ce aikin gaba ɗaya. Abin da kika kai masa sau uku fage ne, ba tambaya ba. Fage ba ya ƙarewa ko shekara goma aka ba ki. Tambaya ce ake amsawa a rufe kundi.

Bari mu yi wa taken naki fiɗa. "Kafofin sada zumunta": wacce daga ciki? Mai duba saƙon 'yan aji a WhatsApp da mai kwana kallon bidiyo a TikTok ba abu ɗaya suke yi ba. "Ɗalibai": na wane aji, a wace tsangaya, mutum nawa ne, kuma za ki iya kaiwa gare su da ƙafarki? "Karatu": makin jarrabawa kike nufi, ko halartar lacca, ko awannin da mutum yake zama ya yi bita? Kowanne da yadda ake auna shi, kuma makin jarrabawa ba lalle a ba ki shi ba, don sirrin mutane ne.

Misali kawai, ba na ce ki ɗauka ba: shin akwai alaƙa tsakanin awannin da ɗaliban aji ɗaya na tsangaya kaza suke yi a kan waya bayan goman dare da yawan laccar safe da suke rasawa? Kin ga wannan, kina karanta ta kin san wa za ki tambaya, me za ki tambaye shi, kuma me za ki ƙirga.

Sannan ki kula da kalmar "tasiri". Duk wanda ya ce tasiri ya yi alƙawarin nuna cewa wannan ne ya haddasa wancan. Takardar tambayoyi da aka raba sau ɗaya ba ta iya nuna haka. Wataƙila wayar ce ta hana shi barci, wataƙila kuma rashin barcin ne ya sa ya ɗauki wayar. "Alaƙa" za ki iya kare ta ranar kare kundi, "tasiri" kuwa za a titsiye ki.

Autar Mama:
Na gode ƙwarai Malam. Amma tsorona kar ya yi ƙanƙanta. Da me zan cika shafukan?

Malam Jan Biro:
Ban taɓa ganin ɗalibin da ƙanƙantar tambaya ta hana shi cika shafi ba. Waɗanda faɗi ya kayar kam, ba na iya ƙirga su. Mai haƙa rijiya wuri ɗaya yake tsayawa.

Gimbiya:
Malam, da girmamawa, ni ina ganin an sa keken a gaban jaki a nan, ko in ce an fara da rufi kafin a yi gini. Ta yaya za ta ƙulla tambaya alhali ba ta karanta komai ba? Ni lokacin digirina na farko na zauna na ƙera tambaya mai kyau daga kaina, na yi mako uku ina murna, ashe an amsa ta tun tuni, ba ma sau ɗaya ba. Shawarata ga Auta: ki ajiye maganar take na kwana biyar. Ki nemo maƙalu goma na kwanan nan a kan fagen, ki tafi ƙarshen kowacce, inda marubucin yake faɗin gazawar bincikensa da abin da ya kamata a bincika nan gaba. A nan mutane suke barin tambayoyi a ƙasa, sai mai tsinta.

Malam Jan Biro:
Ban musa miki ba, Gimbiya. Sai dai wanda ya shiga karatu hannu rabbana, babu ko 'yar tambayar wucin gadi, shi ne zai yi wata biyu yana sauke maƙalu yana jibgewa a kwamfuta, yana jin kamar aiki yake yi. Ta riƙe tambayar da fensir, ta shiga karatun da ita, karatun ya gyara ta. Abu ne na je ka ka dawo.

Gimbiya:
In da fensir ne, mun daidaita.

Ɗan Laburare:
Tunda an zo fagena, bari in sa baki. Kar ki nemi maƙala a Google na kowa da kowa, ki shiga Google Scholar. Kyauta ne, tun 2004 yake. Kada ki zuba masa jimla guda, ki ba shi kalmomi biyu ko uku masu nauyi, in kuma kina son su fito a jere yadda kika rubuta, ki sa su cikin alamar zance. A gefe akwai inda za ki taƙaita shekaru. Amma babban sirrin shi ne ɗan rubutun da ke ƙarƙashin kowace maƙala, Cited by. Kika danna shi, zai jero miki waɗanda suka kafa hujja da ita bayan fitowarta. Ke nan manazartar da ke ƙarshen maƙala tana kai ki baya, wannan kuma yana kai ki gaba. Maƙala ɗaya mai kyau ta isa ta haifa miki ashirin.

Wadda aka kulle sai an biya, kada ki yi saurin haƙura. Ki tambayi laburaren makarantarku ko suna da rajista da rumbuna irin su JSTOR, ɗalibai da yawa suna gamawa ba su san an biya musu ba. Akwai DOAJ, wanda ke tattara mujallun da ake karantawa kyauta, akwai AJOL na mujallun Afirka. In duk ya faskara, ki aika wa marubucin imel cikin ladabi. Shi ba ya samun komai daga kuɗin da mujalla take karɓa, burinsa a karanta shi.

Kuma kar ki karanta maƙala daga farko zuwa ƙarshe kamar littafin labari. Tsakure tukuna, wato ɗan taƙaitawar da ke farkon maƙala, sai kammalawa. In ta shafe ki, sannan ki koma kan hanyar da suka bi da teburan sakamako.

Autar Mama:
Wikipedia fa, Yaya? An ce mana haramun ce.

Ɗan Laburare:
Kafa hujja da ita ne ba a so, don kowa na iya gyara ta. Amma ki karanta ki gane kan zancen, ki gangara ƙasa ki kwashi madogaran da suka jera, ki je ki duba su da idonki.

Abin da ya fi Wikipedia haɗari shi ne mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da masana sun tantance ba. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana jera sunayensu kafin ya sauke jerin a 2017. Alamarsu ba ta ɓuya: mujalla ɗaya tana buga aikin likita da na adabi da na injiniya a fitowa guda, ga kurakurai tun daga shafin farko. Kuma yawan ambato ba shi ne gaskiya ba. Maƙalar Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta danganta wata allurar rigakafi da larurar galahanga, an ambace ta ba adadi, amma mujallar da kanta ta janye ta a 2010.

Sarkin Yanke:
Ku dai kuna son wahalar da yarinya. Auta, buɗe ChatGPT ki ce ya rubuta miki babi ɗaya zuwa biyar da manazarta, kafin ki gama gyara zama ya gama. Zamani riga ne.

Yaya Babba:
Sarki, ka bari wanda ya taka wutar ya yi magana. Ni na yi abin da kake faɗa, ba duka kundin ba, bitar ayyukan da suka gabata kawai. Ya ba ni manazarta tsaf-tsaf, da sunayen marubuta, da shekara, da lambar mujalla, har da shafi. Na kai wa mai duba aikina. Matar nan ba ta ce uffan ba, ta juyo da kwamfutarta ta ce in nemo mata ta uku a jerin. Na nema, babu. Ta biyar, babu. Marubucin yana nan da ransa, mujallar ma tana nan, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba a duniya. Gumin da na yi ranar, Allah kaɗai ya sani. Da a zauren kare kundi aka gano, da yanzu wani labarin ake yi.

Kuma ba ɗalibai kaɗai abin ya ci ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira. ChatGPT ba rumbun littattafai ba ne, jera kalmomin da suka dace da juna yake yi, shi ya sa ƙaryarsa take kama da gaskiya. Yanzu duk madogarar da ban buɗe na gani da idona ba, ba ta shiga aikina. In tana da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala wadda take farawa da 10, ina liƙa ta a doi.org in ga inda za ta kai ni.

Sarkin Yanke:
To ai kai ne ba ka iya tambayarsa ba.

Malam Jan Biro:
Ba zan ce kada a taɓa shi ba, kowace makaranta da dokarta, kowa ya duba tasa. Ya yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu, ko ya nuna maka jimlar da ta karkace, wannan daban. Amma ranar kare kundi tambaya ɗaya nake yi: "Me ya sa ka zaɓi wannan hanyar ba waccan ba?" Wanda aka yi wa aiki a nan yake zubewa.

Gimbiya:
Mu koma kan Auta. Abin da na so a ce an gaya mini da wuri shi ne yadda ake ajiye abin da aka karanta. Ki buɗe tebur, kowace maƙala layi ɗaya: marubuci da shekara, me ya tambaya, su wa ya bincika kuma mutum nawa, ta wace hanya, me ya gano, ina rauninsa. Gurbi na ƙarshe ki rubuta abin da ke kanki kike tunani a kai. In kin kwafi maganarsa kalma da kalma, nan take ki sa alamar zance da lambar shafi. Kar ki ce sai anjima. Bayan wata biyu ba za ki iya bambance maganarki da tasa ba, kuma ta nan mutanen kirki suke afkawa satar fasaha ba da niyya ba.

Ki sauke Zotero, kyauta ne. Yana adana bayanan maƙala da dannawa ɗaya, ya jera miki manazarta a salon da sashenku yake so. Ki dai riƙa bin bayansa, wani lokacin yana kwaso suna a birkice. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jamus, da ƙananan katuna ya yi nasa, kusan 90,000 ya bari a akwatuna. Mu da aka sauƙaƙa wa ba mu da uzuri.

Malam Jan Biro:
Teburin nan na Gimbiya shi ne maganin cutar da ta fi damuna a babi na biyu, wato jerin gwano. Wane ya ce kaza. Wance ta ce kaza. Su wane sun ce kaza. Shafi ashirin, kowa ya faɗi tasa ya wuce, babu wanda ya gaisa da wani, ɗalibin kuma ko tarinsa ba a ji ba. Bita ba kiran suna ba ce. Ki haɗa su faɗa. Ki ce: waɗannan uku sun sami alaƙa, amma dukkansu tambayar ɗalibai suka yi awa nawa suke yi a waya, mutum kuwa yakan rage. Wannan ɗaya da ya duba abin da wayar ta ƙirga da kanta, alaƙar da ya samu ba ta kai haka ba. Kin ga giɓi ya fito da kansa, kuma giɓin nan shi ne hujjarki ta ci gaba da bincike. Misali na ƙirƙira, kar wani ya je neman maƙalun.

Mai Lissafi:
Malam, tambaya a kan Turnitin, manhajar nan da ke nuna kason rubutunka da ya yi kama da na wasu. Abokina ya ce in ka musanya kalmomi da masu kama da su, kason yana sauka. Gaskiya ne?

Malam Jan Biro:
Yana iya sauka, amma satar tana nan, ka dai canza wa akuyar da ka sato igiya ne. Turnitin kamanni yake nunawa, ba hukunci yake yankewa ba. Yana iya haska jerin manazartarka da maganar da ka ɗauko bisa ƙa'ida, kason ya hau alhali ba ka yi laifi ba. Wani kuma kasonsa ƙasa, amma tunanin wani ne daga sama har ƙasa. Ka karanta sakin layin, ka rufe littafin, ka faɗa da bakinka kamar kana yi wa ƙaninka bayani, ka rubuta hakan, sannan ka ambaci mai shi. Ko da kalmominka ne, tunanin nasa ne.

In salon ambaton madogara na APA kuke bi, bugu na 7 na 2019 ake yayi: marubuta uku ko fiye, sunan na farko da et al. (wato da sauransu) tun ambaton farko. Maganar da aka ɗauko in ta kai kalma 40, a ware ta a sakin layinta ba alamar zance. Abin da kuma ka gani a wurin wani yana ambaton wani, ka faɗi gaskiya cewa a wurinsa ka gani.

Autar Mama:
Ina ta rubutawa a littafi. To ta ina zan fara rubutun kansa? Na zauna kan gabatarwa jiya, awa biyu layi uku.

Gimbiya:
Don kin fara da mafi wuya ne. Ta yaya za ki gabatar da baƙon da bai iso ba? Ki fara da babin hanyoyin bincike, shi ne mai sauƙi, abin da za ki yi kawai za ki faɗa. Babi na ɗaya ki yi masa na wucin gadi don a amince miki, in kin ga sakamako ki dawo ki sake shi. Tsakure shi ne na ƙarshe duk da shi ne a gaba. Kuma kar ki riƙa gyara kina rubutu. Ki zubar da shi da muninsa, gobe ki gyara.

Lokaci kuma daga baya ake lissafo shi. Ki ɗauki ranar miƙawa, ki cire mako biyu na gyara da bugawa, ki cire kwanakin da kowane babi zai yi a teburin malaminki, don ba ke kaɗai gare shi ba, ki cire na raba takardu da karɓowa. Abin da ya rage shi ne naki. Za ki ga wata huɗun nan bai fi biyu da rabi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaya Babba:
Kuma ki riƙa tura wa kanki aikin ta imel duk dare, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Kada ki tambaye ni dalili.

Mai Lissafi:
Tunda takardar tambayoyi za ta raba, bari in rage mata hanya. Za a tambaye ki me ya sa mutum kaza kika ɗauka. Ɗalibai sun fi amfani da dabarar Yamane ta 1967 ko teburin Krejcie da Morgan na 1970. In mutanenki 1,000 ne, da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, Yamane zai ba ki 286, teburin kuma 278. Amma adadin ba ya wanke ki in ƙawayenki kawai kika raba wa. Yadda aka zaɓo su ya fi yawansu muhimmanci.

Kafin ki buga ɗari uku, ki gwada a kan mutum goma sha biyar ko ashirin, ki zauna kusa kina kallon inda suke tsayawa suna ɗaure fuska. Ni na taɓa rubuta "Kana amfani da waya da dare kuma tana hana ka barci?" Wani ya ce mini, "In ina amfani da ita amma ba ta hana ni barci fa, me zan zaɓa?" Tambaya biyu ce na cusa a riga ɗaya. Kowace tambaya kuma ki ga wace manufa take yi wa aiki, wadda ba ta da uwa ki cire ta.

Sarkin Yanke:
Ko kuma ki zauna a ɗaki ki cike ɗari ukun da kanki, ki riƙa canza biro.

Malam Jan Biro:
Sarki, Allah ya shirye ka. Muna ganewa. Amsoshin mutane na gaske suna da datti: wani ya tsallake tambaya, wani ya zaɓi biyu, wani ya saba wa kansa. Na ƙarya sumul suke fitowa, duk suna goyon bayan hasashen mai binciken. Auta, in kika gama lissafi kika ga babu alaƙa, ki rubuta babu alaƙa, ki tattauna dalilin da kike zato. Sakamako ne cikakke, ba a rage maki saboda shi. Ki kuma gaya wa masu amsawa me za ki yi da bayanansu, kada ki nemi sunansu, wanda ya ƙi ki ƙyale shi.

Autar Mama:
'Yan uwa na dawo. Na yi kwana biyar ɗin Anti Gimbiya, maƙala takwas na samu karantawa. Yau na kai masa: alaƙar amfani da waya bayan goman dare da halartar laccar safe tsakanin ɗaliban aji ɗaya na tsangayarmu. Ya karanta sau biyu, ya soke "amfani da waya" ya ce in fayyace ko har da karatun da ake yi a wayar, sannan ya sa hannu. Saura kaɗan in yi guɗa a ofishin. Yanzu abin da ya rage: in tambaye su awa nawa suke yi, ko in ce su buɗe wayar su duba abin da ta ƙirga?

Mai Lissafi:
Su duba wayar, su rubuta adadin da kansu, ke kar ki karɓi wayar kowa. Amma ki fara gwadawa a waya iri uku ko huɗu, don ba duka suke nuna awannin dare a ware ba. In wasu ba sa nunawa, ki sa tambayoyin biyu, ki faɗi haka a babi na uku, na hanyoyin bincike.

Sarkin Yanke:
In kina neman wanda za ki fara gwaji a kansa ga ni. Tawa ta ce awa tara jiya.